Damalgon Tsoho Bushiya

A wani daji da ke bayan gonakin dawa, ran nan da almuru aka ji wani irin kuka, ba na saniya ba, ba na kwaɗo ba, mai kauri kamar ana magana cikin tulu. Tsoho Bushiya ne ke busa damalgo, wani abin busa: dogon karan dawa ne, an tsaga masa ɗan harshe a gefe, an kafa ƙoƙo a kowane baki. Duk kaka yakan yanki sabon kara ya yi wani, don kara ba ya shekara. A dajin nan, shi kaɗai ya rage da ya iya shi.

Washegari Majalisar Mabusa ta kira shi. Gauraka, Sarkin Busa, ya juya abin sama da ƙasa, ya leƙa cikin ƙoƙon.

"Baba, wannan na ɗakin 'yan algaita ne ko na 'yan sarewa?"

"Ranka ya daɗe, na bakin gona ne. Bari in busa ka ji."

"Ba a busa a majalisa," in ji Gauraka. Ya gyara tukku, ya ɗaga murya. "Jama'a, wannan gadon kakanninmu ne, kuma ɗaya tak ya rage. Abin kunya ne a bar shi a bakin tsoho, yawu na jiƙa shi. Za mu rataye shi a zaure. Kada kuma wani ya sake yin irinsa, don in ya yi yawa, darajarsa ta zube."

Aka yi ta tafi. Bushiya ya ce, "To ni da me zan yi hira?"

"An naɗa ka Uban Damalgo. Kana iya zuwa kallo."

Saura mai gadi. Aka nemi wanda ya fi kowa sanin kara, duka aka ce ai Gara ce. Ta karɓa har da hawaye, ta rantse ita da 'ya'yanta ba za su rabu da shi ba.

Ta kuwa cika alkawari.

Da kaka ta zagayo, Bushiya ya ratsa ta cikin sabon kara, yatsunsa na ƙaiƙayi, ya zo kallo tare da maƙwabcinsa Kurege. Suka tarar da igiya kawai tana lilo, 'yan majalisa na zaune ƙarƙashinta cikin natsuwa.

Kurege ya daɗe yana dubanta, sannan ya durƙusa.

"Ranku ya daɗe, ta wane gefe ake busa ta?"