Maki Casa'in da Takwas

Duk asibitin nan babu gwani irin likitan da nas-nas ke kira Sarkin Awo. Wasu likitoci ceto rai kawai suka iya. Shi kuwa auna daɗin rayuwa yake yi, har da ɗigo. Shekara uku ya yi yana tsara takardar tambayoyi ɗari, don waɗanda suka fito daga ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwanciya rai kwakwai mutu kwakwai.

"Kafin zuwana, mutum warkewa yake yi da ka," in ji shi. "Yanzu sai da hujja."

Aka turo masa wani kafinta a keken marasa lafiya, wanda ya yi kwana ashirin inji na yi masa numfashi. Matarsa ce ke tura shi. Sarkin Awo bai ɗaga kai ba, don mai ilimi ba ya barin ido ya ruɗe shi.

"Barci fa?"

"Da sauƙi, likita."

"Tafiya?"

"An gode Allah."

Ya ba shi cikakken maki. Matar ta buɗe baki za ta ce ko cokali ba ya iya riƙewa, balle zarto. Likita ya ɗaga mata biro.

"Baiwar Allah, babu gurbin matar majinyaci a takardar nan."

Da ya haɗa lissafi, kafinta ya tashi da casa'in da takwas cikin ɗari. Shi kansa likitan, da ya gwada a ɓoye, saba'in ya samu. Abin ya ɗan sosa masa rai, amma ya haƙura saboda ilimi.

Ranar gabatar da sakamako ya gayyaci kafinta a matsayin zakaran gwajin dafi. Zauren taron a hawa na biyu yake. 'Ya'yan kafintan maza uku suka ɗauko shi da kekensa, suna haki, suka dire shi gaban manyan baƙi.

"Ga mutumin da ya fi kowa jin daɗin rayuwa a ɗakin nan," in ji Sarkin Awo. "Maki biyu kacal ya rasa."

Aka tafa. Matar kafinta ta gyara wa mijinta bargo a gwiwa, ta russuna cikin ladabi, daidai bakin makirufo.

"Likita, Allah ya ƙara basira. Biyun da ya rasa ɗin, ƙafafun ne ko hannuwan?"