Ranar da Na Dafa wa Surukata Ƙwan Italiyawa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Lahadi a gidanmu na unguwar Parkchester da ke Bronx, a birnin New York, ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekarata hamsin ba biyu a lokacin, da furfura a gemuna, amma na yi kusan rabin awa a tsugune a gefen firij ina riƙe da burodi.

Bari in fara da aikina, don daga nan abin ya taso. Wanke-wanke nake yi a wani gidan abincin Italiyawa a nan Bronx, shekara goma sha uku ke nan. Faranti, tukunya, kasko, cokali, duk abin da aka ɓata ni ake turo wa. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na firamare na tsaya, kuma aikin bai taɓa tambayata takarda ba. A nan ba na jin kunyarsa. A Kano ne maganar ta canza.

Lokacin da na je neman auren Binta, kawunta ya tambaye ni sana'ata a Amurka. Na ce ina aiki a gidan abincin Italiyawa. Ya gyaɗa kai ya ce, to, kuku ke nan. Ni kuma na yi shiru. (Ban yi ƙarya ba a ranar. Shiru kawai na yi, kuma har gobe da wannan nake kare kaina.) Kafin a ɗaura aure kuku ya zama babban kuku, ban san a bakin wa aka yi min ƙarin girman ba. Daga baya ni da kaina na ƙara wa abin gishiri. Na ari doguwar farar hular mai girkinmu, wani tsoho da muke kira Baba Nino, na ɗauki hoto na aika gida. Aka wanke hoton, aka sa shi a gilashi, aka rataye a ɗakin surukata Hajiya a Gwammaja.

Binta ta gano gaskiya a makon farko da ta iso. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta ce ita ba za ta tona ba, amma kuma ba za ta taya ni ba.

Shekara shida muna tare kafin Allah ya ba mu haihuwa, 'ya mace. Hajiya ta zo daga Kano don kula da jego. Gidan namu ciki ɗaya ne da falo, sai ɗan kicin a ƙuryar falon wanda ko ƙofa ba shi da ita. Duk inda za ka, ko ɗaki ko banɗaki ko waje, sai ka ratsa falon. Hajiya da Binta da jaririya suka ɗauki ɗaki, ni na koma kan kujera. Kun san yadda ake yi da suruka. In na idar da sallar asuba sai in tsuguna a bakin ƙofa in gaishe ta, in ɗauki takalmina in fice. Kwana goma sha biyu ba ta ga ina tauna ba, ni ma ban ga tana tauna ba. Duk abin da za ta faɗa min sai ta faɗa wa Binta, Binta ta faɗa min, ko da tsakaninmu taku uku ne kuma kunnena ya riga ya ji.

Ranar Asabar da safe Binta ta kawo saƙo. Wai Umma ta ce ba za ta koma Kano ba ta ɗanɗana girkin babban kuku ba, don matan unguwa za su tambaye ta. Kuma ta ji gobe Lahadi ba ni da aiki, sai a yi mata karin kumallo. Na ce wa Binta ta ce gas ya lalace. Ta ce a kan gas ɗin Umma take dama kunun kanwa kullum.

Abinci ɗaya ne na san zan iya gwadawa. Kowace safiya kafin a buɗe wa jama'a, Baba Nino yana yi mana wani abu na ƙwai a cikin miyar tumatir mai yaji, a kasko ɗaya, mu tsaya mu dangwala da burodi. Da yarensu wai sunansa ƙwai a cikin azaba, saboda jan miyar da zafinta. Babu giya a ciki, babu naman alade, shi ya sa nake ci. Kaskon kuwa na wanke shi sau ba adadi, na san shi fiye da yadda na san fuskata.

Da na je aiki a ranar na ce masa ya koya min. Tsohon ya ji daɗi kamar na ce zan karɓi addininsa. Ya nuna min komai, amma abu ɗaya ya yi ta maimaitawa yana buga cokali a tebur: kada in juya ƙwan, kada in bari gwaiduwar ta daskare. Farin ya kama, gwaiduwar kuma ta kwarara in an taɓa ta. In ta yi tauri, in ji shi, a zubar a sake. Ya yanko min guntun cukunsu mai tauri ya naɗe a takarda ya ce in kai wa uwar matata da gaisuwarsa.

Lahadi ƙarfe takwas na shiga kicin. Na zuba man zaitun a kasko, na dandaƙa tafarnuwa ƙwaya uku na jefa, na barbaɗa busasshen jan barkono. Da ƙamshi ya tashi na juye gwangwanin tumatir, na sa gishiri, na bar shi yana ɓararraka minti goma. Hannuna ya kai kan dunƙulen magi sau biyu ina janye shi. Ga daddawar da Hajiya ta zo da ita a kwalba tana kallona, ita ma na ƙyale ta. Na ce yau yadda masu abin suke yi haka za a yi. Na yi rami huɗu a cikin miyar da bayan cokali, na fasa ƙwai a kowanne, na rufe, na tsaya ina kallon agogon waya. Minti biyar cif na buɗe. Na kankara cukun a kai, na yayyaga wani ganye mai ƙamshi kamar ɗoɗɗoya.

Ya yi kyau. Wannan shi ne abin takaicin. Ban ƙona ba, ban cika gishiri ba, ƙararrawar hayaƙi ba ta yi kuka ba. Fararen ƙwai huɗu a cikin jar miya, gwaiduwa tana rawa in ka motsa kaskon. A rayuwata ban taɓa yin wani abu daidai kamar wannan ba.

Na ɗora kaskon a tire, na kai falo, na rufe. Na ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki na faɗa wa Binta an gama, ni zan fita don Hajiya ta sake ta ci. Na ɗauki takalmi ke nan na tuna da burodin da na sa a gasa. Na koma kicin da sauri na ciro shi. Ina juyowa na ji an buɗe ƙofar ɗaki. A daidai lokacin maƙwabcinmu ya bugo tasa ƙofar da ƙarfi, kamar yadda ya saba.

"Ya fita?" in ji Hajiya.

"Ya fita, Umma," in ji Binta daga ɗaki. Da gaskiyarta ta faɗa.

Na ji an zauna, na ji an ɗaga murfi, na ji bisimilla. To, ka ga yanzu babu yadda za a yi. In na fito, na kama surukata da abinci a baki, za ta ajiye cokalin kuma ba za ta sake ɗauka ba. In na tsaya a tsaye, za ta hango ni daga kujera. Sai na durƙusa a lungun firij da bango. Lissafina minti goma, ta gama ta shiga ɗaki, in sulale. (Mutum mai hankali zai yi gyaran murya tun kafin a ɗaga murfi. Na sani. An faɗa min.)

Cokali ya taɓa kasko sau ɗaya. Can Hajiya ta kira Binta ta ce ta zo ta gani, ƙwan ɗanye ne. Binta ta ce ai haka ake cinsa. Hajiya ta tambaya su wa ke ci haka. Binta ta ce Italiyawa. Hajiya ta ce Allah ya ba su lafiya, amma ita Binta kada ta kuskura ta taɓa, mai jego da ɗanyen ƙwai, ina aka taɓa yi. Jaririya ta fara kuka, Binta ta koma ɗaki.

Na zaci an gama. Sai na ji ƙarar kiran waya. Hajiya ce ta kira ƙanwarta Inna Lami, ta bidiyo. A Kano lokacin an idar da azahar, kuma Lahadi ce, gida cike da mata. Ina jin muryoyinsu kamar a kicin ɗin suke. Hajiya ta ce su matso su ga girkin Amurka. Ta haska musu kaskon, ta huda gwaiduwa ta biyu don su ga yadda take malala. Aka sa salati. Wata ta tambaya ko wuta aka ɗauke ana cikin dahuwa. Wata ta ce ita ko kallo ba za ta iya ba.

"Yaya, babban kukun ne ya yi wannan?" in ji Inna Lami.

"Wane kuku, Lami? Shekara arba'in ina tuƙa tuwo, na san hannun mai girki. Akwai ƙuna, akwai yankan wuƙa. Shi nasa tafin ya yi fari, ya yamutse, farcen ya yi laushi. Hannun ruwa ne wannan. Tun a filin jirgi da ya karɓi jakata na gani."

Wata ta kawo maganar hoton da ke ɗakinta. Hajiya ta ce hula ai arowa ake yi. Inna Lami ta ce to tunda ta sani, me ya sa ta ce ya dafa.

"Na ce ko na zalunce shi a zuciyata. Yaron kirki ne, yana riƙe da 'yata da mutunci. Na ce in ya soya min ƙwai ya nuna, zan bar zancen."

Na dubi hannuna. Gaskiya ta faɗa. Kuma na gane da na ƙi jin maganar Baba Nino na bar ƙwan ya yi tauri kamar dutse, da na tsira.

Ƙafata ta dama ta riga ta mutu a lokacin. Sai na ji Hajiya tana cewa ba za ta bari ƙwai huɗu su lalace ba, bari ta mayar da su wuta su gani. Na ji takunta. Taku bakwai ne daga kujera zuwa kicin, babu taga da mutum zai bi, kuma a hawa na biyar muke.

Ta shigo, kasko a hannun dama, waya a hannun hagu, fuskar wayar tana kallon gaba. Ta tsaya. Ga ni a lungu, gemu da furfura, takalmi a hammata, burodi a hannu. A fuskar wayar na ga kawuna kamar bakwai sun cunkushe.

Abu ɗaya ne ya zo bakina, tunda dama a tsugune nake.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau, Malam. An tashi lafiya?"

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma an gaisa a gaban mutane, dole su ma a gaishe su. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya daga lungun firij, ina wuni, ina gajiya, ya yara. Suna amsawa da muryar da ake amsa gaisuwar mara lafiya. Da aka zo kan Inna Lami ta yi min barka da jego, sannan ta ce, "Ya aiki?"

Na ce aiki da godiya. Wata a bayanta ta fita da gudu da mayafi a baki.

Hajiya ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska, ta juya min baya, ta kunna gas. Ina jan matacciyar ƙafata zan fita na ga ta sa ludayi ta dagargaza ƙwan gaba ɗaya, ta yanka albasa da attarugu, ta marmasa magi biyu. Kafin in ɗaura takalmi ya koma miyar ƙwai irin wadda ake ci da doya a kowane gida. Na hau jirgin ƙasa mai lamba shida har ƙarshen layi, na dawo, na sake komawa. A ciki na cinye burodin.

Da yamma na dawo, Binta ta tare ni a bakin ƙofa da saƙo, Hajiya na zaune a falo tana jan carbi tana jin mu. Wai Umma ta ce a faɗa min wanke-wanke sana'a ce, halak ce, da ita ake ciyar da 'yarta da jikarta, kuma duk wanda ya yi min dariya a Gwammaja da ita zai yi. Ta ce miyar ta yi daɗi, ƙwan ne kawai. Ta ce kuma tunda ni gwani ne a nawa fannin, ga kwanukan safe da na rana can suna jira. Haka na yi ta yi har aka yi arba'in, in wanke a wurin aiki, in dawo in wanke a gida.

Ranar Litinin Baba Nino ya tare ni tun ban cire riga ba, yana tambaya ko gwaiduwar ta kwarara. Na ce ta kwarara. Ya sumbaci yatsunsa ya ɗaga sama. Ban ƙara masa bayani ba.

Ni dai abin da na koya bai da yawa. In har za ka bari surukai su ɗauke ka a wani matsayi da ba naka ba, zaɓi sana'ar da ba za a iya cewa ka gwada ta kafin karin kumallo ba. Ka ce kai direban jirgin ƙasa ne. Babu surukar da za ta ce a shigo mata da shi falo ta gani.