Kazata Ta Ci Kayan Gwamnati

Jama'a, yau da safe aka kira ni ofis saboda laifin kazata.

Ga yadda abin ya faro. Masu Girma na can sama, Allah ya ƙara musu sanyin mota, sun gano cewa hayaƙi ne ke ɗumama duniya. Masana kuma suka ce akwai wani sinadari a ɓawon ƙwai, irin na farar ƙasa, wanda in an sarrafa shi yakan zuƙe mugun hayaƙin nan kamar soso. Matsalar ita ce da ya ɗan yi aiki sai ya marmashe, don haka ake neman mai ƙarko. Sai aka ce kowane gida ya riƙa kai ɓawo don gwaji.

Ni kuwa kaza ɗaya gare ni, kuma tun da dusa ta gagare mu, da ta saka ƙwai sai ta juya ta cinye abinta.

Maƙwabcina mai faci ya ce, "Malam, leƙa bolar gidan Babban Mutum, can ɓawo yake."

Na tarar da layi ya fi na gidan mai. Maigadi ya kore mu, wai ɓawon nan lambar yabo za a ba Oga a kansa, don babu wanda ya kai shi cin ƙwai saboda kishin ƙasa.

To, yau na bayyana gaban jami'i, kaza a hammata.

"Ina ɓawonka?"

"Yallaɓai, ta cinye."

"Kayan gwamnatin ta ci?"

"Ai ita ta yi abinta."

"A ƙasar wa ta yi shi?"

Ya yi dogon nazari, sannan ya yanke hukunci: tunda sinadarin yana cikinta, yanzu ita ce na'urar zuƙe hayaƙi. Aka ɗaure ta a bakin salansar janaretan ofis. Kafin azahar kwamiti ya iso cikin jerin motoci, aka yanka ƙyalle, aka tafa. Farar kazata ta koma baƙa ƙirin, tana tari kamar tsohon direba.

"Kun gani? Tana zuƙa!" in ji shugaban kwamiti. "Kuma ko kaɗan ba ta marmashe ba!"

Da na koma gida hannu wofi, uwar yara ta ce, "Maigida, ina kazar?" Na ce ta samu aikin gwamnati. Ta ce madalla, ta riga ɗanmu mai digiri.

Da yamma na koma dubo ta, sai ƙanshi ya tare ni tun daga ƙofa. Masinja ya fito yana suɗe yatsa, ya ce bincike ya shiga mataki na biyu, wato gwajin jure zafi, kuma sakamakon ya gamsar da kowa.

Af, na ji an ce haƙori ma yana da sinadarin nan. Ni dai daga yau na daina yi wa jami'ai murmushi.