Ƙafata a Kan Totur

Me ya sa maigidana, baban Asabe, ya ci gaba da zaunar da ni a motarsa ina taka masa totur, bayan motar ta daina buƙatar ƙafata? Tun da ya rasu nake juya tambayar nan a raina, wanda zai amsa kuwa yana kwance a maƙabartar Birnin Gwari. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, in an ga magana ta karkace to kuka ne ya katse ni.

Ko komai zai fita daga kaina, bikin Saminaka ba zai fita ba. Lokacin ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba. Maigidana yana da tsohuwar akori-kura, ya ɗaura mata lasifika a ka, ana ɗaukarsa biki da suna yana sa faifai. Sai ya je Kaduna ya sayo wani ƙaton akwatin ƙara sauti da yake kira amfilifaya, wai yana so har birai a dajin Kamuku su ji.

Makanikensa, Malam Yohanna, ya leƙa injin ya girgiza kai.

"Maigida, dinamon nan mai ba batir wuta ƙarami ne. Akwatinka yana shan wuta fiye da abin da yake bayarwa. Ka haɗa abin da akwatin ke ci da na fitilu, ka bar wa batir rabonsa, sannan ka nemo wanda ya fi duka, ko mota tana silo ba a taka totur ba."

"Biki jibi ne, Yohanna."

"To sai dai wani ya zauna ya taka totur, kada ya rage kada ya ƙara. In ya sake, sauti ya mutu."

Maigidana ya gwada ɗora dutse, dutsen ya riƙa zamewa. Ba shi da yaron mota. Wannan ne babban bikinsa na farko, in lasifika ta yi shiru a gaban jama'a ba mai sake kiransa. Sai ya dube ni.

Ni kuwa 'yar malam ce. Gwaggo Talatu, ƙanwar babana da ta raine ni, takan bugi ƙirji a cikin mata ta ce 'yarta ba ta san kiɗa ba. (Na san shi sarai. A turmi nake yinsa in ba kowa.)

Ranar bikin, bayan azahar, ya rufe gilasan da zannuwa, ya shigar da ni a ɓoye, ya ɗora ƙafata a kan totur.

"'Yar malam, nan kawai. Ki zama dutse."

Na zama dutse, faifai na farko da na biyu. A na uku ya sa wani kiɗan kalangu da nake mutuwar so. Babban yatsana ne ya fara. Kafin in ankara diddige ya shiga, inji ya kama ruri yana sauka daidai da kiɗan. An ce a waje mutane sun bar rawa suna kallon mota, wata tsohuwa har tana cewa aljanu sun shige ta. Ni ban san ana yi ba, idona a rufe, ina dukan sitiyari ina amshi iya ƙarfina, tunda na tabbata ƙara ta rufe ni.

Sai motar ta shaƙe ta mutu. Batirin dama ya tsotse, muryar mawaƙin ta ja kamar ta bijimi, ta ɗauke. Fili ya yi tsit, saura murya ɗaya tana ta amshi daga cikin zannuwa.

Gwaggo Talatu, da ita ma ta zo bikin, ita ce ta buɗe ƙofar. Ɗankwalina yana kan giya.

"Ke ce?"

"Gwaggo, totur nake takawa."

"Da baki ake taka shi?"

Mata suka fashe da dariya har da masu zama a ƙasa. Na so sitiyarin ya haɗiye ni. Baban Asabe ya zo, na ɗauka zai yi faɗa don na kashe masa sana'a, sai na ga yana cije leɓe yana danne dariya.

"Gwaggo, laifin dinamo ne, ya yi ƙanƙanta," in ji shi. Samari suka tura motar, ya mayar da ni kujerar a gaban kowa, ba zani ba labule. Gwaggo ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Sana'a kuwa sai ta buɗe, kowane ƙauye yana son motar da ke rawa.

Daga baya ya sayo babban dinamo, wanda suke kira altaneta, Yohanna ya ɗaura. Amma duk bikin da za shi sai ya ce, "Taso, har yanzu tana son ƙafa." Nakan tafi ina mita, kamar ana tilasta ni. Abin da na koya dai shi ne, in za ka ɓoye hali, kada ka ɓoye shi a kan totur.

Sai ranar da Yohanna ya zo ta'aziyya, ya tsufa yana dogara sanda, na ce masa har ƙarshe motar nan ba ta daina wahalar da ƙafata ba. Ya dube ni.

"Hajiya, tun ranar da na ɗaura babban nan ba ta buƙatar kowa. Shi ma ya sani."

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ko don in ji kiɗa ba tare da an zarge ni ba ne, ko don in kasance kusa da shi, ban sani ba.

Da safiyar da zai cika, ina zaune a gefen gadonsa, hankalinsa yana zuwa yana komawa. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"'Yar malam, taso ki taka mini. Na sa faifan nan naki."