Laifin Maƙwabtana Shi Ne Sun Zo da Wuri

Yau tun da sassafe na bar ƙauyenmu na nufi birni, ban dawo ba sai la'asar sakaliya, kuma tsarabar da na kawo ita ce ciwon baya. Motar da na hau ta shiga layin mai a wajen Ungogo, direba ya kashe ta, ya ce mu yi haƙurin minti biyar. A cikin minti biyar ɗin nan har wani fasinja ya sauka ya yi aski ya dawo. Duk wannan wahala kuwa a kan rufin ɗakin Inna, mahaifiyata, nake shan ta.

Bari in ba ku daga tushe. Shekara biyu ke nan wani ɗan gaye mai jaka ya zo wa ƙungiyarmu ta manoma da maganar inshorar gida. Bakinsa kamar an shafa zuma. Ya ce gobara ko iska ko ruwa, duk wanda ya taɓa gidanka, kamfaninsu zai tsaya maka. Na ce rigakafi ya fi magani, na sayar da buhun gyaɗa na shiga. Takardar da aka ba ni, mai ƙananan rubutu kamar ƙwan kiyashi, na naɗe ta a leda na tura ƙasan adaka, ban karanta ba.

Bana ruwan farko ya zo da iska bayan la'asar. Ta yaye kwanon ɗakin Inna, ta nannaɗe shi kamar tabarma ta jefa a gonar mutane, bangon gabas kuma ya zube. Allah ya kiyaye, tsohuwa tana gidan suna. Washegari ko kunu ban sha ba sai ga sallama. Maƙwabcina Ja'afaru, magini ne, ya zo da mutum goma sha wani abu. Kamilu ya kawo tubalin da ya ajiye don ɗakin ɗansa, wani ya shiga kwaɓa ƙasa, mata suna aiko da ruwa. Haka muka tashi muka gani: in abu ya sami mutum, gayya ake yi masa, ba a jiran ya roƙa. Kwana uku bango ya tashi. Saura kwano, wanda a wannan zamani kuɗin bandir ɗaya sai ya sa mutum zazzaɓi.

Na aika wa kamfani. Mai Girma Sarkin Awo, jami'in da ke duba ɓarna, bai iso ba sai bayan sati biyar, wai babu mai. Allah ya saka masa da alheri, da ya ga dama ai sai kaka. Ya fito da tef ɗinsa, ya zagaya ɗakin, ya ƙwanƙwasa bango.

"Malam Mati, ina bangon da ya faɗi?"

"Ga shi nan, ranka ya daɗe, kana jingine da shi."

"Wannan ai a tsaye yake. Ina hoton ɓarnar?"

Hoto! Mutane suna shigowa jaje, dattawa suna addu'a, ni kuma in ɗaga waya ina cewa a matsa in ɗauki masifata? Na nuna masa sama, na ce to rufin fa, ai ga shi babu. Ya ce tunda an taɓa ginin kafin ya gani, yaya zai san ba sabon ɗaki nake yi ba kuɗin kwano ya gagare ni? Wallahi raina ya ɓaci, amma na ba shi fura, don baƙo ne.

Kada ku ce ban nemi wata ƙofa ba. Manyanmu masu tausayin talaka sun zo jajen iska da motoci goma sha biyu. An kafa rumfuna, an yi jawabi, an yi tafi, aka raba mana ƙusa ƙulli ɗaɗɗaya, aka ce kwano yana hanya. Ina jin shi ma yana layin mai.

To yau a ofishin kamfanin, jami'insu Mai Girma Sarkin Dawo-Gobe ya buɗe mini takardar tawa, ya ɗora biro a kan wani layi. Sharaɗi ne: kada mai gida ya gyara komai sai jami'i ya duba. Ya turo mini wata takarda, wai in sa hannu a rufe magana cikin mutunci. Wannan karon na ce a karanta mini tukuna. Ashe cewa take na gamsu. Na mayar masa da bironsa, na ce ba mu kai nan ba.

Da na dawo na tarar da Ja'afaru a dakali, na zayyana masa komai.

"Wato mu ne muka cuce ka," in ji shi.

"A takarda dai haka ne."

"To ai da sauƙi. Ɗauko diga mu mayar musu da shi yadda iska ta bar shi, ka ɗau hotonka, su zo su gani."

Wasa yake yi, amma ni na ɗauka da gaske. Marka ta kusa, Inna tana kwana a ɗakin jikoki, kullum tari, kullum tambayata yaushe za ta koma ɗakinta. Na saɓa diga na shiga gida. Ashe ta ji mu. Na same ta ta shimfiɗa tabarma, ta jingina da sabon bangon, tana jan carbi.

"Ina za ka da wannan?"

"Inna, dabara ce. In an rushe za su biya, a yi miki rufi."

"Ja'afaru da ciwon ƙugunsa ya hau bangon nan. Kamilu tubalin ɗakin ɗansa ya ba ka. Ka rushe gumin mutane don wani mai jaka ya yarda ba ƙarya kake ba? To fara da ni."

Na ajiye diga, kunya ta rufe ni. Kafin magariba Ja'afaru ya zagaya gari, wai gobe kowa zai kawo fallen kwano ɗaya, tsoho ko sabo, mai tsatsa ma a kawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rufin zai yi kama da rigar mahaukaci, amma Inna za ta kwana a ɗakinta.

Maganar kamfani ban bar ta ba, mai unguwa zai rubuta mini shaida. Ku dai in kun shiga inshora, ku sa a karanta muku ƙananan rubutun nan, ku cire kunya ku ɗau hoto, kada ku sa hannu a abin da ba ku ji ba.

Amma ni yanzu na gane wanda aka rubuta wa takardar. Mutumin da ɗakin uwarsa zai zube, ya yi sati biyar a ƙasa, babu wanda ya leƙo da tubali ko ɗaya, shi ne ya cika sharaɗi. Allah kada ya sa in cancanta.