Kabewa a Gidan Sauro

"Lafiya lau na kwana, sai dai ban ga cefane a hannunka ba. Wane irin miji ne wannan?"

Haka 'Yar'azumi ta tarbi jikanta Haladu da sassafe, ya biyo zai wuce gonarsa ta kankana a fadama. Ita ta aika a kira shi. Tsohuwar bakinta ba ya mutuwa, amma kwana biyun nan hankalinta a tashe yake. Irin kabewar da marigayi mijinta Mala ya zo da shi daga Miga, ƙwaya bakwai ya rage, ta kuwa shuka duka bana. Ga yaɗo, ga fure, amma da ɗa ya fito sai ya yanƙwane ya faɗi. In damina ta wuce a haka, irin ya ƙare ke nan.

"Cefanen me, amarya? Haƙori biyu gare ki, ɗayan ma yana neman sallama."

"Sun isa su cije ka. Zo ka ga abin da maƙiya suka yi mini."

Ta ja shi lungun da ta yi shukar. Haladu ya tsaya ya riƙe baki. An lulluɓe kabewar ruf da gidan sauro, an danne gefe da duwatsu.

"Kaka, zazzaɓi take yi?"

"Kaji ne da akuyar maƙwabciyata Gana suka dame ni."

"Ke kuma sauro ya yi ta cin ki?"

"Me zai samu a jikina? Ya zo ya koma da yunwa, kamar kai."

"To ai ke ce maƙiyiyar. Kin sa ta a kulle, kin hana ƙudan zuma shiga. Su ke ɗaukar garin furen namiji su kai wa na mace."

"Kabewar ce ke da namiji? Yaro, rana ta taɓa maka kai a fadama."

Ya ɗaga gidan sauron ya nuna mata. Ga mai siririn wuya, shi ne namiji. Ga mai ɗan ƙulli a gindi, ita ce macen. Ya tsinko namijin, ya zare masa ganye, ya goga garin nan rawaya a cikin macen.

"Kullum da safe haka za ki yi, kafin rana ta rufe su."

"Da girmana ka mai da ni ƙudan zuma?"

"Harbin dai kin daɗe da iya shi."

Ta ɗaga sanda, ya kauce. Sai ta sauke murya.

"Haladu, tsakani da Allah, lokaci bai ƙure ba? Shekara arba'in kakanka yana ajiye irin nan. Kada ya mutu a hannuna."

Haladu ya bi wani reshe da ya sulale ta ƙarƙashin duwatsun ya haye danga, ya leƙa, ya ɗaga ganye. Kabewa ce biyu a rataye, kowace ta kai kan jariri.

"Zo ki ga wanda ya gudu daga hannunki. Shi kaɗai ya yi arziki."

Ta ɗingiso ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe tana hamdala. Sai ta goge ido da gefen mayafi.

"Kuka kike, amarya?"

"Warin jikinka ne ya shige mini ido."

"To me za a ba likita?"

"Ɓawon, in ta nuna."

Ta shiga ɗaki ta fito da bandar tarwaɗa biyu manya, ta dangwara masa a hannu tana dariya.

"Ka ci ni yau, ja'iri. In ta ƙosa, rabin irin a wurinka zai zauna. Ni kam ba a sake bar mini shi ni kaɗai ba."