Batir a Duron Wake

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka taru buɗe ɗakin kwamfutar makarantarmu ba, ko da mutanen Dangora za su yi min alfarma su manta (har yau ba su yi ba).

Iyayen yara ne suka haɗa ƙarfi suka sayi sola da batura biyu, irin rufaffun nan da ba a ƙara musu ruwa, don ɗalibanmu su saba da kwamfuta kafin jarrabawar shiga jami'a. Da yake ni ne malamin kimiyya, shugaban makaranta ya damƙa min amanarsu. Nan take kaina ya fasu.

To, a gida ni manomin wake ne, kuma an san wakena ƙwaro ba ya taɓa shi, domin a duro nake zubawa in toshe bakin ruf. Sai na ce abin da ya tsare wake ai zai tsare batir daga hannun yara. Na saka baturan a duron roba, na huda kafar waya, na liƙe ta, na jingine shi jikin tagar da rana ke duka. 'Yar na'urar da ke yanke caji in batir ya cika ma cire ta na yi, wai rowar wuta take mana. (Mai haɗa solar ya gargaɗe ni, na ce masa a kwaleji na karanta abin.)

Ranar taron ina tsaka da jawabi sai wani wari ya tashi, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Iyaye suka shiga satar kallon juna. Shugaba ya kai bakin riga hanci, ni kuwa na ƙara ɗaga murya.

Alhaji Sabo, mai cajin baturan mota a Kafin Maiyaki, wanda 'yarsa ke ajina, shi ya miƙe. Ya sa aka buɗe ƙofa da tagogi, ya hana kowa kunna ashana, ya cire wayar sola. Da ya ɗaga murfin duron, ga batir ɗaya ya kumbura kamar ƙullin da ya kwana.

"Malam, rufaffen batir ma numfashi yake yi," in ji shi a hankali. "Wake ne ba ya son iska. Wannan inuwa yake so da iska."

Kunya ta rufe ni, amma tsoron na kashe wa yara jarrabawa ya fi damuna. Allah ya taimaka, ɗayan batirin ya tsira. Alhaji Sabo ya ɗora shi kan katako a inuwa, ya mayar da na'urar, yaran suka riƙa karɓa-karɓa da kwamfuta biyu har suka zauna jarrabawarsu. 'Yarsa tana jami'a yanzu.

Kumburarren yana kan teburina, da shi nake koyarwa. Na kuma daina cewa a kwaleji na karanta, tambaya nake yi. Yaran suna kirana Malam Duro, ina kuma amsawa.